Taka, Riƙe, Saki

Motata ta girmi 'yata ta fari, kuma ba na ɓoye wa kowa. 'Yar Kwatano ce. Bature ya gama morarta a ƙasarsu, wani ɗan kasuwa ya ƙara murza ta a nan, sannan ta faɗo hannuna. Fentinta a da shuɗi ne, amma rana da ruwan Lafia sun mayar da shi wani launi da har yau ba a raɗa masa suna ba. Abokan aikina a makarantar da nake koyarwa Tsohuwa suke ce mata. Su yi ta faɗa mana! Sau nawa Tsohuwar ta tsaya ta kwashi masu sababbin motoci a gefen titi, bonet a buɗe, suna ta kiran waya suna share gumi?

Ba wani asiri na yi mata ba. Ni nake duba abata da hannuna. Farkon sayenta na kai ta wani gareji a yi mini juyen mai, na ce a haɗa da sabuwar filta, na tafi masallaci. Da na dawo aka ce an gama. Na isa gida na leƙa, sai ga tsohuwar filtata zaune daram, an goge mata jiki da tsumma har tana ƙyalli, ga ɗan kwarzanen da na sani a gefenta yana kallona. Ranar na koma garejin nan na faɗi maganganun da malamin makaranta bai kamata ya sani ba. Daga nan na sayi sifanu da jak. Ban ce duk makanikai haka suke ba, akwai na Allah, kuma in aiki ya fi ƙarfina, irin na cikin inji ko giya, wurinsu nake zuwa in zauna a benci in zuba ido. Amma juye, da fulogi, da birki, da ruwan lagireto, waɗannan nawa ne.

Ranar Asabar da safe nake yi, a gindin mangwaron ƙofar gidana. In tayar da ita ta ɗan yi ɗumi don mai ya saki jiki, in ɗaga ta da jak, in tokare da guntayen katako, domin ban taɓa yarda in kwanta ƙarƙashin mota bisa amanar jak kaɗai ba. In shimfiɗa tsohuwar tabarma, in tura yankakkiyar jarka, in kwance notin ƙasa, baƙin mai ya zubo. Kafin ya gama tsiyaya na ciro fulogai na duba bakinsu, na kakkaɓe filtar iska, na wanke kan batir da ruwan zafi, na danna fambel da yatsa na ji ko ya saki. Sabuwar filta kuwa sai na shafa wa robarta ɗan mai, in ɗaure da hannu, ba da ƙarfe ba. Tsohon man ma ba ya zuwa bola. Maƙwabcina, wani dattijo ɗan Tibi da ya yi shekaru yana tuƙa babbar motar doya kafin ya koma gonarsa ta wajen Ashige, shi ke karɓa ya shafe turakun rumbun doyarsa saboda gara. In kaka ta yi sai in ga doya jingine a zaurena, ba wanda ya ce uffan.

Akwai kuma kwalina. Duk yamma in na ajiye mota sai in tura faffaɗan kwali ƙarƙashinta, da safe in jawo in duba. Baƙin ɗigo man inji ne. Ruwa ruwa ne, sai a bi sawu a ga inda ya fito. Matata takan ce, “Malam, wasu da asuba azkar suke yi, kai kwali kake karantawa.” In ce mata na yi azkar ɗin, wannan ƙari ne. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ni kuwa kwalin nan ke faɗa mini tun ciwo yana ƙarami.

Duk waɗannan ni kaɗai nake yi, ba na neman kowa. Aiki ɗaya ne ya gagari mutum ɗaya, shi ne fitar da iska daga birki. In an canza man birki ko an kwance wani tiyo, iska kan shiga, ka taka ka ji laushi kamar ka taka ruɓaɓɓen gwanda. Fitar da ita sai mutum biyu. Ɗaya ya zauna a kujerar direba ya yi ta taka birki har ya yi tauri, ya riƙe. Ɗayan yana kwance a bayan taya ya kwance wani ɗan noti, mai da kumfa su feso, birkin ya nutse har ƙasa a ƙarƙashin ƙafar na sama. A nan gizo ke saƙar. In na sama ya ɗaga ƙafa kafin na ƙasa ya ɗaure notin, iska ta koma ciki, aiki ya dawo ɗanye. Ba ku ganin juna, sai murya kawai.

'Yata ta fari ce mai taka mini. Tun ƙafarta ba ta isa sosai ba, sai ta zamo bakin kujera ta rungumi sitiyari, har ta girma ta gama karatun jinya. Ƙaninta namiji na gwada shi, hankalinsa na filin ƙwallo, sai na sallame shi.

A gidanmu kunyar ɗan fari ba wasa ba ce. Kakanmu daga arewa ya zo da fatauci, ya zo da ita cikin kayansa, ta zauna. Mahaifina har ya koma ga Allah ban ji ya kira sunan Yayata ba. Ni ma haka na tashi. Yarinyar nan ban taɓa kiran sunanta ba, ban ɗauke ta a gaban mutane ba, ban yabe ta a kan idonta ba. In ina son ta sai in ce “ke”, ko in ce wa uwarta, “Ina yarinyar nan?” Na san 'yan zamani sun watsar da wannan, na ga abokaina suna ɗaukar hoto da 'ya'yansu na fari kafaɗa da kafaɗa. Ni dai bakina bai iya ba. In za ta gaishe ni ta durƙusa, in amsa ina kallon wani wuri. Doguwar hirarmu a duniya ita ce wadda muke yi ta ƙasan mota.

“Taka.”

“Na taka, Baba.”

“Riƙe.”

“Na riƙe.” Sai in kwance noti, ta ce, “Ya sauka.” In ɗaure, in ce, “Saki.”

Haka za mu zagaye tayoyin nan. Wani lokaci tsakanin taya da taya, tun da ba mai ganin fuskar wani, sai ta ba ni labarin makaranta, ko ta tambaye ni me ya sa inji ke tari da safe. Ni kuma in buɗe baki in yi ta bayani kamar ba ni ba. Da na fito daga ƙarƙashin motar na karkaɗe riga, shi ke nan, kowa ya koma matsayinsa.

Da aurenta ya tashi, ita ta kawo mijinta, wani yaro mai hankali da ke cinikin riɗi da shinkafa a Assakio. Na yi bincike na ga ba abin ƙi. Ana tsakiyar shirye-shirye matata ta same ni ina cin tuwo, ta zauna irin zaman mai ɗauke da saƙo.

“Malam, 'yarka ta aiko ni. Ta ce ita a motarka take so a kai ta.”

Na ajiye lomar da na ɗauko. Na ce, “A wace motar?”

“Kana da wata ne ban sani ba?”

Wallahi daɗin da na ji ya hana ni ƙarasa tuwon. Amma na ɗaure fuska, na ce ta gaya mata na ji, kuma in Allah ya kai mu ranar, a ciki za a kai ta. Alkawari ke nan na ɗauka, ba tare da na tuna da Yaya ba.

Yayata ita ce uwar biki, ita ce za ta riƙe hannun amarya har ɗakin miji, kuma tun muna yara ba a ja da ita. Da labari ya je mata, ko mayafi ba ta gyara sosai ba ta iso gidana.

“Kai, ka fara shan wani abu ne? A ina ka taɓa jin an kai amarya a motar ubanta? Abokan ango ke kawo mota, tun kafin a haife ka haka ake yi. Yaran nan sun tanadi motoci masu sanyi, kai za ka fito mana da wannan akwalar? So kake dangin miji su ce a keken shanu muka kawo ta?”

Na ce, “Yaya, ita ta roƙa.”

“In ta roƙi wuta sai ka ba ta? To wa zai tuƙa? Ko kai za ka kai 'yarka ɗakin miji da kanka, mu ƙarasa zubar da mutuncin?”

Nan kam ta kama ni, domin uba ba ya raka 'yarsa, kuma ni tun da na sayi motar nan ban taɓa miƙa wa wani makullinta ba. Sai na ce maƙwabcina zai tuƙa. Mutumin da ya sha hawa da sauka da lodin doya bai taɓa kwantar da mota ba, ai ba zai gaza da amarya ɗaya da gwaggonninta ba. Na aika wa angon, ya ce shi duk abin da take so shi ne nasa, motocinsu sa bi baya. Yaya ta tashi tana cewa, “Za mu gani. In ta mutu mana a hanya, ka nemi garin da za ka koma.”

Ban ji ko ɗar ba. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka tun biki da saura na yi wa Tsohuwa hidimar da ba ta taɓa gani ba. Na yi juye, na sa sababbin fulogai, na duba kowane tiyo da kowane noti, na sa aka ɗinke kujerar baya inda ta yage. Na kai maƙwabcina muka zaga gari yana tuƙi ina gefe ina nuna masa halinta. Ya yi dariya ya ce, da irin Hausarsa, “Ticha, motan nan ya fi ni da kai lafiya.”

Sai dai makon biki ba ya tausayin mota. Ta ɗauko buhunan shinkafa, ta ɗauko kujeru, ta ɗauko baƙi daga tasha. Ana gobe ɗaurin aure itacen girki ya kasa, na bi wata hanyar gona da damina ta cinye na ɗauko, har na ji wani kututture ya daki ƙasanta. Na tsaya na leƙa, ban ga komai ba. Aka ɗaura aure ranar Asabar lafiya lau. Kai amarya sai Lahadi bayan la'asar.

Ranar Lahadi da safe na jawo kwali kamar kullum. Tsakiyarsa fes. Har zan jingine shi, sai idona ya kai can gefe, daidai tayar baya ta hagu. Wani ɗigo ne, ba baƙi ba, ba kuma ruwa ba. Na dangwala na murza a yatsa, na sansana. Man birki.

Na ajiye kwalin. Na kwanta na leƙa, sai ga tiyon roba da ke kai mai ga tayar, kututturen nan ya kwarje shi, yana tsattsafo da mai a hankali kamar gumi. Na shiga na taka birki, yana nan da ƙarfinsa. Zan iya cika gwangwanin man birki na jikin motar in yi gum da bakina, wataƙila ta je ta dawo ba wanda ya sani. Na san direbobin da ke yin abin da ya fi haka, masu zuba ruwan sabulu a madadin man birki, da masu dake bututun tayar da ke yoyo su ce uku ma sun isa. Amma na san hanyar Assakio, da manyan motocin doya, da shanun da ke tsallaka titi ba sallama. Tiyon da ya fara gumi, ranar da aka taka shi da ƙarfi ranar yake fashewa. 'Yata ce za ta zauna a kujerar baya. Ko dai birkin nan ya gyaru sarai, ko ni da bakina in ce ba za ta shiga ba.

Ina cikin ɗaga motar Yaya ta fito da bokiti a hannu. Ta ga jak, ta ga tabarma, ta ga ƙafafuna. Abin nema ya samu.

“Ayyiriri! Amaryar taka ce ta fara naƙuda tun da safe?”

“Ɗan gyara ne, Yaya.”

“Ɗan gyara ranar kai amarya! To ka ji, in aka kira azahar motar nan tana kan katako, zan aika wa abokan ango su matso da tasu ƙofar gida. Ba na son wata magana.”

Na ce na yarda, don gaskiyarta ce. Shagunan kayan mota duk a rufe, masu su suna coci. Amma ni ba a banza nake tara tarkace ba. A tsohon akwatin ƙarfen da matata ta sha barazanar sayar wa 'yan gwangwan akwai sabon tiyo irinsa, na saya tun bara na ajiye, da gwangwanin man birki guda ban fasa ba. Na cire taya, na kwance tsohon tiyon, notin ya yi gardama na ba shi haƙuri da ɗan kananzir, na ɗaura sabon. Kafin rana ta take na gama. Saura fitar da iska, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Maƙwabcina yana coci, kuma ranar suna da wani taro, sai can da rana zai dawo. Ɗana tun sassafe ya bi motar ragowar kayan ɗaki zuwa Assakio. Gida cike da mata, ana daka, ana suya, ana guɗa. Ba zan tare wani mai wucewa in ɗora ran 'yata a kan ƙafar da ban sani ba. Na aika aka kira mini matata, ta fito hannu duk manja. Na zaunar da ita na yi mata bayani dalla-dalla, ta ce ta gane, ai ba karatun likita ba ne.

Na kwanta na ce ta taka, ta taka. Na ce ta riƙe, ta riƙe. Ina kwance noti birkin ya nutse, sai na ji ta ce, “Wayyo, na ɓalla!” ta ɗauke ƙafa. Na ji iskar nan ta koma ciki, fuut. Na danne zuciyata muka sake. Karo na biyu wata ta ƙwala mata kira daga cikin gida a kan gishiri, ta amsa, ƙafar ta bi bakin. Karo na uku na ɗaga murya, ita ma ta ɗaga tata.

“Malam, ni fa tukwane na bari a wuta! Ka bar yarinyar nan ta shiga motar mutane mana, me zai ragu?”

Ta shige ta bar ni kwance. Na duba gwangwanin mai, ya yi ƙasa sosai. Na duba inuwar mangwaro, ta tattare ta dawo gindinsa. Abin da zai ragu na san shi, ko da ban iya faɗa mata ba. Yarinyar nan tun da aka haife ta ba ta taɓa roƙona komai ba, ko takalmin salla. Abu ɗaya ta nema, shi ma ta bakin uwarta, ga shi zan gaza. Na kwanta ina kallon salansa kamar ita za ta ba ni shawara.

Sai na ji hayaniya daga zaure, da muryar Yaya sama da ta kowa. Daga inda nake ƙafafu kawai nake gani. Wasu ƙafafu biyu ne ke tahowa a kan dunduniya, ɗaure cikin baƙar leda. Ashe lallen da aka sa wa amarya bai kama yadda ƙawayenta suke so ba, da safen nan suka sake ƙunsa mata. Ta zuro babban hijabin uwarta har ƙasa, ta ratso matan nan ta fito. Amaryar da ko tsakar gida ba a so ta taka!

“Ke! Ke! Koma ciki! Innalillahi, yau na ga abin da ya ishe ni. Amarya a titi ranar kai ta?”

Ta wuce Yaya ta nufo motar. Na ji ƙofar direba ta buɗe, motar ta ɗan nutsa, aka rufe. Sai ƙarar leda, sannan ledar ta faɗo ƙasa kusa da kaina. Santsi take yi mata a kan birki, shi ya sa ta cire. Yaya ta dafa ƙirji tana sallallami a kan lallen.

Ya kamata in kore ta. Uba mai kunya korar ta zai yi. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, “Taka.”

“Na taka, Baba.”

“Riƙe.”

“Na riƙe.”

Na kwance noti, kumfa ta feso, ta tofa, ta sake tofawa. “Ya sauka,” in ji ta, ƙafar nan kuwa ko motsi. Na ɗaure. “Saki.” Muka sake, muka kuma sakewa, har man ya fito siriri, garau, ba ƙwayar kumfa. Na tashi na ƙara mai a gwangwani ban dubi gilashi ba, na koma ɗaya tayar. Matan da suka biyo ta suka yi cirko-cirko a ƙofar gida. Har Yaya ta yi shiru, abin da ban taɓa gani ba tun da na yi wayo.

Da muka gama ta ƙarshe ta taka sau biyu ta ce, “Ya yi tauri, Baba.” Na ce to. Na jira in ji ƙofa ta buɗe, ban ji ba. Can sai muryarta ta sauko ta ƙasan motar, a hankali yadda ni kaɗai zan ji.

“Baba, wa zai riƙa taka maka?”

Na ce, “Ba a rasa ba. Tashi ki shiga, gwaggonki na jira.”

Ta fita. Na ga ƙafafun sun juya, ɗaya cikin leda, ɗaya tsirara tana barin jan sawu a ƙasa. Ni kuwa na daɗe a ƙarƙashin motar nan ina ɗaure notin da na riga na ɗaure, domin hawaye ne suka cika mini ido suna gangarawa cikin kunnuwana, kuma ba zan fito gaban matan unguwa a haka ba.

Na mayar da taya, na sauke ta daga katako, na fita da ita bayan gari na ba ta wuta na taka. Ta tsaya cak, ba ja hagu ba ja dama. Na sake, na kuma sakewa, na leƙa tiyon, a bushe. Ina shigowa layinmu ana kiran azahar. Yaya na tsaye a zaure, ta dube ni ta dubi motar.

“An ɓata wa yarinya lalle. Tafin ƙafarta duk zanen birki, layi-layi, haka za ta shiga gidan miji.” Ta yi ƙwafa. “Sai ka sa a wanke akwalar taka, ba zan zauna cikin ƙura da sabon leshina ba.”

Bayan la'asar aka kawo mini ita ɗaki, lulluɓe, tana kuka, don in yi mata nasiha. Na faɗi abin da iyaye ke faɗa, haƙuri da biyayya da tsoron Allah, ina kallon tabarma. Sannan na fita na miƙa wa maƙwabcina makulli. Ya karɓa da hannu biyu ya ce, “Ticha, yarinyan nan nawa ne nima. Ka kwanta da hankali.” Aka sa ta a baya tsakanin Yaya da wata gwaggonta. Tsohuwa ta tashi bugu ɗaya, ta shige gaba, motocin abokan ango masu sheƙi suka jeru a bayanta. Na tsaya daga cikin zaure inda ba a ganina. A bakin kwanar layinmu wata akuya ta gifta, na ga jajayen fitilun baya sun kama, motar ta tsaya, sannan ta karya kwana.

Ana sallar magariba suka dawo. Maƙwabcina ya ba ni makulli ya ce birki kamar na sabuwar mota. Yaya ta fito tana dafa gwiwa, ta zauna a dakalin zaure ta cire takalmi.

“'Yarka dai sai kai. Tun daga nan take kuka, mun yi lallashi mun gaji. Muna isa wani gangare sai ta tsaya da kukan, daga cikin lulluɓi ta ce wa bawan Allahn nan, ‘Baba, sa mata giya biyu a nan, ba ta son uku.’ Ya sa, ta ci gaba da kukanta.” Yaya ta yi dariya har da tari, sannan ta goge ido da bakin mayafi. “Mutanen Assakio kuwa motar suka yi ta kallo, wai ashe irinta na nan da rai.”

Washegari gida ya yi tsit, sai tulin tukwanen aro a tsakar gida. Na fita na jawo kwali, fes, ko ɗigo. Na buɗe ƙofar direba zan tayar da ita, sai na ga robar birki. Takalmin maƙwabcina ya share na sama, amma lalle ya bushe a cikin ramukan, ja, layi-layi. Tsumma na hannuna. Na mayar da shi aljihu.

Ba ranar juye ba ce, ba abin da ya lalace, amma na ɗauko tabarma na shimfiɗa na shige ƙarƙashin motar. Na kwanta ina kallon sabon tiyon. Na saurara, ba kowa a layin. Sai na kira sunanta, sunan da ni na zaɓa mata da kaina ranar suna, na raɗa wa liman a kunne, ban ƙara furta shi ba. Sau ɗaya na faɗa, ba da ƙarfi ba, ya yi mini nauyi a baki kamar baƙon yare. Ba wanda ya ce, “Na taka, Baba.”

Daga cikin gida matata ta ɗaga murya ta ce koko na hucewa. Na ce ina zuwa.